NamUs, Rumbun Cigiyar Amurka: Abin da Na Gani Cikin Wata Takwas Ina Amfani da Shi

Wata Asabar bayan sallar asuba, wani matashi da muke sahu ɗaya da shi ya tare ni a wurin ajiye takalma, ya ce, "Kawu, don Allah ina son magana da kai." Abokin zamansa, wanda suke haya tare, direban tasi ne mai shekara 34, ya fita aiki daren Alhamis kuma har wannan safiyar ba amo ba labari. Wayarsa a kashe take, gadonsa yana nan yadda ya gyara shi, maganin ciwon sukarinsa yana kan tebur kusa da carbinsa. Matashin ya ce ya je ofishin 'yan sanda ranar Juma'a da yamma, amma wanda ya tarar a kan kanta ya gaya masa cewa babban mutum yana da ikon tafiya inda ya ga dama, ya koma gida ya jira zuwa Litinin. Ba zan ambaci garin ba, ba kuma zan ambaci ofishin ba, domin abin da ya kawo ni shi ne bayani a kan wata hidima da wannan al'amari ya sa na san ta ciki da waje, wadda nake ganin duk Bahaushen da ke zaune a Amurka, ko yake da ɗan uwa a can, ya kamata ya san da ita tun kafin buƙatarta ta taso.

Sunan hidimar NamUs. Rumbu ne na intanet da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ta Amurka, wanda aka buɗe a shekarar 2007 da bayanan gawawwakin da ba a san masu su ba, aka ƙara masa sashen mutanen da suka ɓata a 2008, sannan a 2009 aka haɗa sassan biyu ta yadda kwamfuta za ta riƙa gwama bayanan wannan ɓangare da na wancan, tana fito da waɗanda suka yi kama. Akwai kuma sashe na uku, na mamatan da an san sunayensu amma ba a sami dangin da za su karɓi gawar ba. Jami'ar Arewacin Texas ce ta gudanar da shi daga 2011, kafin aikin ya koma hannun cibiyar RTI International a 2021. Kowa yana iya shiga ya duba, kowa yana iya yin rajista, kuma ba a biyan ko sisin kwabo. Alƙaluman da shafin ya daɗe yana bayarwa sun nuna girman matsalar da aka kafa shi dominta: kimanin mutum 600,000 ake kai rahoton ɓatansu a Amurka kowace shekara, ko da yake mafi yawansu ana ganinsu cikin ɗan lokaci, sannan ana tsintar gawa kusan 4,400 da ba a san ko su wane ne ba, kuma kimanin 1,000 daga cikinsu shekara takan zagayo ba a gane su ba.

Sai dai kafin mutum ya kai ga cin moriyar NamUs, akwai ƙofar da dole ya bi ta cikinta, wato rahoton 'yan sanda. Ɗan uwa ko aboki yana iya cike bayanan wanda ya ɓata da hannunsa, amma ba za a fitar da su ga idon jama'a ba sai ma'aikacin NamUs mai kula da yankin ya tuntuɓi hukumar da ke binciken, ta tabbatar masa cewa lallai akwai rahoto a hannunta, ta kuma amince a wallafa. Da farko wannan sharaɗin ya ɓata mini rai, domin a lokacin ji nake kowace sa'a tana da tsada. Daga baya na fahimci hikimarsa. Da za a bar kowa ya manna hoton wani ya ce ya ɓata, da mijin da matarsa ta guje wa dukansa ya mayar da rumbun gwamnati karen farautarsa, da mai bin bashi ma ya yi haka. Amma sakamakon sharaɗin shi ne, duk iyalin da aka sallama daga kanta ba tare da an rubuta ƙorafinsu ba, an rufe musu ƙofar NamUs ke nan. Saboda haka ba zai yiwu a auna wannan hidima ba tare da an yi bayanin abin da doka ta ce game da karɓar rahoton ɓata ba, kuma a nan ne na ga mutanenmu sun fi shiga duhu.

Maganar da ake yawan ji cewa sai an cika sa'o'i 24, ko 48, ko 72 kafin a karɓi rahoto, babu wata dokar tarayya da ta shimfiɗa ta. Ga yara ma, doka hana jiran ta yi ƙarara. Tun a 1990 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar da ta haramta wa kowace hukumar 'yan sanda gindaya wa'adin jira kafin ta karɓi rahoton ɓatan wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma wajabta shigar da bayanansa cikin NCIC, babban rumbun hukumar FBI wanda jami'an tsaro kaɗai ke iya buɗewa. A 2003 aka ɗaga shekarun zuwa ƙasa da 21, ta hanyar abin da ake kira Dokar Suzanne, don tunawa da Suzanne Lyall, ɗaliba mai shekara 19 a jami'ar jihar New York da ke Albany, wadda ta ɓace a watan Maris na 1998. A 2006 kuma Dokar Adam Walsh ta ƙayyade lokacin shigar da rahoton, ta ce kada ya wuce sa'o'i biyu daga karɓarsa. Mai karatu zai lura cewa yawancin waɗannan dokoki suna ɗauke da sunan wani ɗa ko wata 'ya, saboda iyaye ne suka yi ta zirga-zirga a majalisa shekara da shekaru, da hawayensu da aljihunsu, har aka rubuta su.

Wanda ya kai shekara 21 kuwa, kamar ɗan uwanmu direba, al'amarinsa ya rataya ne a kan dokar jihar da ya ɓata da kuma tsarin ofishin da aka je. Amurka tana da hukumomin 'yan sanda kusan 18,000, na birni da na gunduma da na jiha da na jami'a, kowacce da shugabanta da ƙa'idar aikinta, ba kamar Najeriya ba inda rundunar take ɗaya a ƙarƙashin Sufeto Janar. A California, doka ta tilasta wa 'yan sanda karɓar rahoton ɓatan kowane mutum ba tare da jinkiri ba, ko da ta waya ne, ko da kuma ba a yankinsu abin ya faru ba. A Minnesota, Dokar Brandon ta fara aiki a 2009 bayan ɓatan Brandon Swanson a watan Mayun 2008, ita ma ta wajabta karɓar rahoto nan take komai shekarun mutum, tare da fara bincike don tantance ko yana cikin haɗari. Wasu jihohin ba su da irin wannan tanadi mai ƙarfi, sai abin ya koma ga ganin damar jami'in da aka tarar. Wannan giɓi ne ya sa iyalan Billy Smolinski, mai shekara 31, wanda ya ɓace daga garin Waterbury na jihar Connecticut a watan Agustan 2004, suka shafe shekara goma sha takwas suna fafutuka, bayan da suka ce an umarce su da su jira kwana uku kafin su kai rahoto. Shugaba Joe Biden ya sa hannu a kan dokar da ke ɗauke da sunansa a watan Disambar 2022. Dokar Billy ta ba NamUs gindin zama a dokar tarayya, ta umarci a samar da hanyar musayar bayanai tsakaninsa da NCIC, ta kuma sa a tsara wa 'yan sanda da likitocin binciken gawa jagorar aiki. Ci gaba ne babba, amma ba ta mayar da babban mutum daidai da yaro ba wajen gaggawar karɓar rahoto.

Abin da ya buɗe mana ƙofa a wannan Asabar shi ne kwalbar maganin da ke kan tebur. Na ce wa matashin ya ɗauko ta, muka koma tare, na nemi ganin babban jami'in da ke bakin aiki, na yi masa bayani cikin natsuwa cewa mutumin nan bai taɓa kwana a waje ba tare da ya sanar ba, yana da ciwon sukari, ga maganinsa ya bari, kuma mahaifiyarsa da yake kira kowace Juma'a bayan masallaci ba ta ji muryarsa ba. Rumbun NCIC yana da rukunai da ake sanya wanda ya ɓata a ciki, daga cikinsu akwai na mai lalurar jiki ko ta ƙwaƙwalwa, da na wanda ake jin rayuwarsa tana cikin haɗari, da na wanda ake zargin tilasta masa aka yi, har da na babban mutumin da akwai dalili mai ma'ana na damuwa da lafiyarsa. Idan mai kai rahoto ya tsaya a kan cewa ɗan uwansa bai dawo gida ba, ya bar wa jami'i damar cewa ƙila yawo ya tafi. Idan ya faɗi abin da ya sa wannan rashin dawowa ya saɓa wa ɗabi'ar mutumin, ya kuma kawo shaida a hannu, ya ba jami'in abin da zai cike takarda da shi. Jami'in da muka gani a karo na biyu ya saurare mu da mutunci, ya rubuta, ya ba mu lambar fayil da sunan mai binciken da za a miƙa wa. Wannan lambar ita ce mabuɗin duk abin da ya biyo baya, kuma ina roƙon duk wanda ya tsinci kansa a irin wannan hali kada ya bar ofishin sai da ita a rubuce.

Cike bayanan a NamUs ya ɗauke mu maraice guda. Shafin a tsare yake, ba shi da tallace-tallace, ba shi da kwalliyar da za ta rikita mutum, yana tafiya daki-daki: suna da laƙabi, shekaru, tsawo da nauyi, launin ido da gashi, rana da wurin da aka yi masa ganin ƙarshe, yadda abin ya faru, tufafi da abin da ke jikinsa, motar da yake tuƙawa, hotuna, sai hukumar da ke bincike. Tsawo da ƙafa da inci ake rubutawa, nauyi kuma da fam, don haka wanda ya saba da mita da kilo sai ya yi lissafi, ko ya duba lasisin tuƙin mutumin idan akwai kwafinsa. Bayan an tabbatar da rahoton an wallafa, fayil ɗin ya sami lambarsa mai farawa da haruffan MP, kuma daga shafin muka buga takardar cigiya mai hoto, wadda muka manna a masallatai da shagunan 'yan Afirka da wuraren da direbobi ke tsayawa cin abinci. Wannan ƙaramin abu ya yi mana amfani ƙwarai, domin takardar da ke ɗauke da lambar hukuma ta fi sa mai shago ya yarda a manna masa ita a ƙofa.

Wurin da na fi daɗewa a kansa shi ne na suna da na alamomin jiki, kuma a nan nake ganin Bahaushe yana da abin lura da ba lallai ne Ba'amurke ya yi tunaninsa ba. Ɗan uwan namu mutumin Nijar ne. Sunan da ke fasfonsa da rubutun Faransanci yake, sunan da abokan aikinsa suka san shi da shi gajere ne na Turanci, mu kuma a masallaci da sunan garinsu muke kiransa, mahaifiyarsa ma ba ta faɗin sunansa na yanka saboda alkunya, domin ɗan fari ne. Mutum ɗaya, suna huɗu. Sunan Manzon Allah kaɗai, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ana rubuta shi a takardun mutanenmu ta hanyoyi sun fi biyar, kuma asibitin da aka kai mutum a sume zai rubuta abin da ya gani a katin aljihunsa ne. Saboda haka muka zuba duk rubuce-rubucen sunan a gurbin laƙabi. Sai alamomi. Gurbin an yi shi ne da tunanin tabo da zanen tatu da hujin kunne, amma mu abin da muke da shi shi ne tsagar gado a kumatu, da shasshawar da wanzami ya yi masa a gefen ido yana yaro, da tabon ƙaho a bayansa, da baƙin tabon sujada a goshi. Na zauna na siffanta kowanne da Turanci mai sauƙi, adadin layukan da tsawonsu da ɓangaren da suke, saboda likitan binciken gawa a wata jiha mai nisa, wanda bai taɓa jin labarin wanzami ba, yana iya rubuta su a matsayin tsoffin tabban wuƙa, kuma idan siffantawarmu ta yi daidai da tasa, bincike zai haɗa su. Abokin zaman nasa ne ya tuna mini da azurfar da ba ya cirewa daga ƙaramin yatsansa na dama, muka ƙara ta.

Babbar kyautar da NamUs ke yi wa iyali ita ce aikin kimiyyar da yake bayarwa ba tare da kuɗi ba: nazarin haƙora, zanen yatsu, nazarin ƙasusuwa, da gwajin ƙwayoyin halitta na DNA. A nan ma yanayinmu ya bambanta. Bayanan haƙora su ne hanya mafi sauri da arha ta gane gawa a Amurka, amma da yawa daga cikin mutanenmu ba su taɓa zama a kujerar likitan haƙori a ƙasar ba, ɗan uwanmu yana cikinsu. Zanen yatsu kuwa akwai shi, domin yawancin manyan da suka shigo da biza an ɗauki nasu, kuma yana da kyau a tunatar da mai bincike hakan. Game da DNA, ana goga auduga ne a cikin kumatun dangi na kusa, uwa ko uba ko ɗa ko ɗan uwa na jini, ta hannun jami'i, bayan mutum ya sa hannu cewa da yardarsa ne. An fi son a samu daga mutum biyu ko fiye. Ƙa'idar ita ce samfurin dangin wanda ya ɓata ana gwama shi da na gawawwaki da mutanen da ba a gane ba ne kawai, ba a amfani da shi wajen farautar masu laifi. Na jaddada wannan saboda ƙanin ɗan uwan namu, wanda ke wata jiha, ya yi kwanaki yana ɗari-ɗari kafin ya yarda, kuma ban ga laifinsa ba, domin baƙo a ƙasar mutane yana da dalilin tsoron duk takardar da za a ce ya sa wa hannu. Da ya zo, abin bai ɗauki minti goma ba.

Sashen gawawwakin da ba a gane ba shi ne mafi nauyi a zuciya, kuma shi ne ainihin dalilin da ya sa na ce wannan hidima ta cancanci yabo. Kafin a samar da shi, gawar da aka tsinta a wata gunduma tana iya kwanciya a kabari marar suna shekara talatin, alhali iyalinta suna gundumar da ke maƙwabtaka suna cigiya, saboda ofisoshin binciken gawa a ƙasar sun haura 2,000 kuma ba su da rumbu ɗaya da jama'a za su duba. Yanzu mutum yana iya tace bincikensa da jinsi da shekaru da jiha da lokacin da aka tsinci gawa, ya karanta siffar tufafi da alamomi, ya ga inda aka same ta a kan taswira. Bayanai masu zurfi, irin na haƙora da yatsu, jami'ai kaɗai ke ganinsu, kuma hakan daidai ne. Misalai biyu sun isa su nuna tasirin wannan buɗewa. Paula Beverly Davis ta ɓace daga jihar Missouri a 1987, aka tsinci gawarta a Ohio ba tare da an san ko wace ce ba, har sai a 2009 da 'yar uwarta ta shiga NamUs ta gane ta daga siffar zanen da ke jikinta. Francine Frost kuma ta ɓace daga garin Tulsa na jihar Oklahoma a 1981, aka tsinci ragowar gawarta a wata gundumar jihar a 1983, aka binne ta ba suna, sai jikanta ne ya ci karo da bayanin tufafinta a rumbun, gwajin DNA ya tabbatar a 2016. Wannan ne ya haifar da Dokar Francine a 2019, wadda ta wajabta wa hukumomin Oklahoma shigar da irin waɗannan bayanai cikin NamUs. A duka biyun, idon dangi ne ya ga abin da ya kuɓuce wa hukuma shekaru da yawa. Ni kaina kowace Lahadi da dare nakan buɗe wannan sashe, in yi bismilla, in duba sababbin shigarwa na maza baƙar fata a jihohin da ke kewaye da mu. Ba aiki ne mai daɗi ba, kuma ina ba da shawara kada a bar uwa ko mata su yi shi su kaɗai.

Sashe na uku, na mamatan da ba a sami danginsu ba, shi ne wanda nake ganin kwamitocin masallatanmu ya kamata su riƙa leƙawa ko da babu wanda ya ɓata musu. A birnin New York, wanda ba a karɓi gawarsa ba a tsibirin Hart ake binne shi, inda aka binne mutum fiye da miliyan ɗaya tun daga ƙarni na 19. A gundumar Los Angeles ƙona gawar ake yi. Musulmin da ya rasu shi kaɗai a ɗakin haya, danginsa suna Agadas ko Kumasi ko Katsina ba su sani ba, yana iya ƙarewa haka, babu wanka, babu likkafani, babu salla. Duba wannan jeri da neman sunayen da suka yi kama da namu bai fi aikin minti goma sha biyar ba a wata, kuma jana'iza farilla ce da ke kan al'umma baki ɗaya har sai wasu sun sauke ta.

Akwai inda hidimar ta gaza, kuma gaskiya ta wajabta a faɗa. Na farko, ba kayan gaggawa ba ne. Ba ya aika saƙo zuwa wayoyin jama'a kamar yadda faɗakarwar AMBER ke yi idan an sace yaro, ba ya tura kowa neman mutum a daji ko a bakin kogi. Amfaninsa yana bayyana ne idan kwanaki sun zama makonni, makonni sun zama watanni. Wanda ɗansa ya ɓata yau, lambar gaggawa ta 911 zai kira, ba shafin intanet zai buɗe ba. Na biyu, rumbun bai cika ba. A ƙarshen kowace shekara cikin 'yan shekarun nan, NCIC yakan kasance da fayilolin ɓata fiye da 90,000 da ba a rufe ba, alhali waɗanda ke buɗe a NamUs ba su kai sulusin haka ba, saboda a jihohi da dama shigar da bayanai ganin dama ne ga hukuma. New York ta wajabta wa likitocin binciken gawa yin haka a 2016, Tennessee ta yi tata dokar a 2017, Texas a 2021, amma har yanzu ba duka jihohi ba ne. Ma'anar wannan ita ce rashin ganin mutum a rumbun ba hujja ba ce cewa ba ya kwance a wani ɗakin ajiye gawa, don haka ba a daina buga waya asibitoci da gidajen yari da wuraren tsare baƙin haure. Na uku shi ne harshe. Wanda ba ya jin Turanci sosai zai sha wahala, kuma dangin da ke gida, waɗanda su ne suka fi sanin tabon da ke ƙafar mutum da haƙorin da ya karye yana yaro, ba su da hanyar shiga sai ta bakin wani. Mu ta WhatsApp muka riƙa yi, ina karanta tambaya in fassara, mahaifiyar tana amsawa da saƙon murya.

Akwai kuma wani abu da ba gazawa ba ne, amma yana da ɗaci ga wanda bai san shi ba tun farko. Idan aka sami babban mutum da ransa da hankalinsa, ya ce ba ya son a san inda yake, 'yan sanda za su rufe fayil su shaida wa iyali cewa yana lafiya, ba za su faɗi wurin ba. A al'adarmu wannan yana da wuyar haɗiya, domin ba mu saba ganin ɗa ya yanke wa uwarsa labari ba. Duk da haka na gwammace a ce mana haka gobe da safe a kan wannan shirun.

Ban iya amfani da NamUs ba tare da tunanin gida ba. Dokar 'Yan Sandan Najeriya ta 2020 ta yi magana a kan ɓatan mutum: ta ce wanda ya san wani da ke ƙarƙashin kulawarsa ko aikinsa ya ɓata, ya kai rahoto cikin sa'o'i 24, jami'in da ke bakin aiki kuma ya rubuta nan take. Wato sa'o'i 24 ɗin wa'adi ne da ba a son mai kai rahoto ya wuce, ba lokacin da zai zauna yana jira ba, amma mutane da yawa sun ɗauki maganar a juye. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasa da ƙasa (ICRC) ta yi rajistar mutum fiye da 20,000 da suka ɓata a Najeriya, mafi yawansu sanadiyyar rikicin Arewa maso Gabas, kuma fiye da rabinsu yara ne a lokacin da suka ɓace. Cigiyarmu har yau ta gidan rediyo ce, da gidan mai unguwa, da lasifikar masallaci, da Facebook. Waɗannan hanyoyi suna da albarka, sun mayar da yara da yawa hannun iyayensu, sai dai babu ɗayansu da ke haɗa sunan da ake cigiya a Maiduguri da gawar da ke kwance a mutuware a Legas.

Yau wata takwas ke nan. An ga motar ɗan uwanmu a mako na biyu, a ajiye a wani wurin fakin, a kulle, babu alamar faɗa. Samfurin ƙaninsa yana cikin rumbu, kuma sau biyu aka gwama bayanansa da na wasu gawawwaki aka tabbatar ba shi ba ne. Matarsa tana gida da yara biyu, ba ta san ko matar aure ce ita ko mai takaba ba, kuma malaman garinsu sun gaya mata hukuncin mazhabar Malikiyya game da matar wanda ya ɓata, cewa idan ta kai maganar gaban alƙali za a yi bincike, a sanya mata shekara huɗu, sannan ta yi idda. Mahaifiyarsa takan aiko mini da saƙon murya kowace Juma'a, a daidai lokacin da ɗanta ya saba kiranta. Takan fara da gaisuwa mai tsawo, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Malam, ko an ga wani abu a cikin na'urar?" Nakan amsa mata da cewa, "Inna, na duba, babu tukuna, amma sunansa yana nan, ba a cire ba." A makon jiya ta tuna cewa ya taɓa karyewa a hannun hagu yana ɗan shekara tara, da ya faɗo daga kan jaki, mai ɗori ya ɗaure shi da karan dawa. Karaya tana iya barin alama a ƙashi, don haka a daren na rubuta wa mai binciken, na kuma nemi a ƙara wannan a fayil ɗin.